Daga Kosta zuwa mai zugazugi: wace bas ce ta dace da layukan wajen garin Kano?

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin titi a Kurna ko Rijiyar Lemo tsakanin ƙarfe 7 da 8 na safe ya san abin da zan yi magana a kai. Jama'a jingim, kowa ya zuba wa hanyar Dawanau ido. A daidaita sahu za ta taho da mutum uku a baya, ta rage gudu, direban ya ɗaga yatsa ɗaya, sai ka ga mutum shida sun yi kanta. Mai ƙarfin kafaɗa shi ke samu. Wata rana na tsaya kusa da wata baiwar Allah da goyo a baya, ta riƙe hannun yarinya mai kayan makaranta, ga jakar bakko a ɗaya hannun. Na ƙirga ababen hawa 9 da suka tsaya suka tashi ba ta samu shiga ba, domin gurbin mutum biyu take nema, kuma ba za ta iya turereniya da maza ba. Haka abin yake a Mariri, a Unguwa Uku, a Rijiyar Zaki, a Yankaba, a Panshekara. Gari ya miƙe ya bar ganuwa can a baya, amma Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da manyan asibitoci suna nan a tsakiya. Da safe kowa ciki ya nufa, da yamma kowa waje.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, wani dattijo ne, shugaban wata ƙungiyar masu motocin haya a wajenmu, da ya aiko a kira ni bayan sallar La'asar. Na same shi ya baje takardu uku a kan tabarma.

"Malam, kai ne mai lissafi," in ji shi. "Mun haɗa ɗan abin da muka haɗa, banki ya ce zai cika mana. Wannan ya ce mu sayi Kosta da yawa. Wannan ya ce doguwa mai mita 12. Wannan kuma ya kawo hoton wata zungureriya mai gaɓa a tsakiya, 'yar Beljiyam, wai mutum 150 take kwashewa a tashi ɗaya. Yaran nan duk ita suke so. Kai me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, a ba ni mako guda."

Amsar da na koma masa da ita ita ce doguwar mai mita 12, mai faffaɗan ƙofofi aƙalla biyu. Ba don ta fi sauran ɗaukar mutane ba; mai gaɓar ta fi ta nesa ba kusa ba. Dalilina shi ne a Kano ba tsawon mota ne ke kwashe jama'a ba, yawan sawun da take yi ne, da kuma ko fasinja zai yarda ya jira ta.

Kafin lissafi, ya kamata a tuna yadda muka zo nan. A wajen 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, sunan shirin gyaran tarbiyya na lokacin, A Daidaita Sahu, ya bi shi har yau. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, sai dubban matasa suka koma a daidaita sahu. Tsofaffin hayis da tasi suka yi ta ja da baya. Yajin aikin 'yan a daidaita sahu na Janairun 2022 ya nuna mana inda muka tsaya: ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya suka taka sayyada, wasu suka hau bayan a-kori-kura. A ƙarshen 2022 ɗin gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da bas 100 da tasi 50, ta kuma sanar da hana masu ƙafa uku bin wasu manyan tituna, ciki har da hanyar Gwarzo da ta Haɗeja. Ba a je ko'ina ba aka janye umarnin, saboda jama'a sun koka. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Tun daga nan kai mutum huɗu-huɗu daga Janguza zuwa Yankura ya zama abin da aljihun talaka ba ya ɗauka.

Wuri na farko da mai saye ke yaudarar kansa shi ne adadin da ke jikin takardar kamfani. Doguwar bas ta cikin gari, mai mita 12 da faɗin mita 2.5, kujerunta ba sa wuce 30 zuwa 40. Sauran mutum 50 ko 60 da ke cika 90 ko 100 ɗin da ake rubutawa, a tsaye suke. Kamfanoni suna yin lissafin ne da mutum 6, wani lokaci har 8, a kowane murabba'in mita. Murabba'in mita kuwa bai fi dadduma ɗaya da ɗan ƙari ba. Ka tsayar da mutum 8 a kan dadduma, maza da mata, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ka ga ko akwai magidancin da zai yarda iyalinsa ta shiga. Ba zai yarda ba, ita ma ba za ta yarda ba, kuma suna da gaskiya. Ga kuma kaya. Fasinjan Kano ba ya tafiya hannu rabbana: wannan da ƙullin atamfa daga Kwari, wancan da katan biyu daga Singa, waccan da kwandon tumatir daga Yankaba. Kowane ƙulli yana cin gurbin mutum. Shi ya sa a nawa lissafin nake ba doguwa mutum 70, mai gaɓa kuma, wadda ake rubuta mata 150, nake ba ta 110. Wannan kiyasina ne, amma da shi na shawarci Alhaji ya je banki, don kada ya ɗauki bashi a kan fasinjan da ba zai taɓa shiga ba.

To, a ɗauki misali. A ce titi ɗaya yana da mutum 3,000 da ke son shiga gari cikin awa guda ta safe. Da a daidaita sahu mai ɗaukar 4, sawu 750 ke nan. Da hayis mai 18, sawu 167. Da Kosta mai 30, sawu 100. Da doguwa mai 70, sawu 43. Da mai gaɓa, 28. Babban tsalle yana tsakanin ƙananan ne da doguwa; daga 43 zuwa 28 ribar ba ta kai yadda hoto ke nunawa ba. A kan titi ma haka: mutum 70 na bukatar a daidaita sahu 18, waɗanda in ka jera su hanci da wutsiya za su ci kusan mita 47. Ko bibbiyu suka jeru, sun kusa ninka tsawon bas ɗin.

Kosta ba abar rainawa ba ce, kuma na fahimci wanda ya kawo shawararta. Tsawonta wajen mita 7 ne, tana shiga titin da doguwa ba za ta juya ba, tana cika da wuri. Uwa uba, bakaniken Kano ya san ta ciki da bai, kuma in wani abu ya lalace da hantsi, kafin Azahar yaro ya dawo da shi daga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalarta ƙofar fasinja ɗaya ce, ga kujerun tsakiya masu naɗewa da ke toshe hanya. Idan wanda ke can baya ya ce "akwai", sai mutum huɗu sun miƙe, an naɗe kujeru, an sauke kaya, sannan ya fito. An ƙera ta ne don tafiyar da kowa zai hau a wuri ɗaya ya sauka a wuri ɗaya, kamar kai ma'aikata ko 'yan biki. A layin da ake hawa da sauka kowane mita 400, rabin lokacinta a tsaye zai ƙare. Hayis kuwa ciwonsu ɗaya, sai dai nata ya fi tsanani. Wanda ya bar a daidaita sahu ya cika babban titi da hayis, tsugune ba ta ƙare ba.

Bas mai bene ba ta cikin takardun Alhaji, amma ana yawan kawo zancenta, don haka bari in taɓa ta in wuce. Tana ɗaukar mutum 80 zuwa 90, mafi yawansu a zaune, ba tare da ta ƙara tsawo ba, kuma wannan abin so ne. Sai dai tsayinta ya haura mita 4. Kafin ta bi kowane layi sai an auna gadojin ƙasa irin na Kabuga da Gadon Ƙaya, da gadojin masu tsallaka titi, da kowace wayar wuta da ta sako, da rassan darbejiya. Matakalarta ƙunci gare ta, mai goyo da tsoho da mai kaya duk a ƙasa za su cushe. Sannan yawancin tsofaffin da ake samu da araha daga Ingila suke, inda ake tuƙi ta hagu. Mu kuwa tun 1972 muka koma dama, ke nan ƙofarta tsakiyar titi za ta riƙa zubar da fasinja. Wannan kaɗai ya isa a rufe zancen.

Gasar gaskiya tsakanin doguwa ce da mai gaɓa, wadda nake kira mai zugazugi saboda abin da ya haɗa gabanta da bayanta kamar zugazugin maƙera yake. Tsawonta mita 18 ne, ƙofofinta uku ko huɗu. Sai a yi mata adalci: ba ta da wahalar shan kwana kamar yadda ake zato, gaɓar tana sa ta bi shataletalen da doguwa za ta bi. Kuma direba ɗaya ne ke jan mutum 110. A Turai wannan ne babban dalilin sayenta, domin a can albashin ma'aikata ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin gudanarwa. A nan kuwa ba albashin direba ne ke karya mai mota ba, mai ne da taya da kayan gyaran da ake sayowa da dala. Ta fi doguwa shan mai sosai, tayoyinta 10 ne inda doguwa ke da 6. Ke nan ribar da aka ƙera ta dominta ita ce mafi ƙanƙanta a wajenmu, nauyinta kuwa ya faɗo daidai inda muke da rauni.

Sai batun jira, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. A ce zuwa da dawowa a layinku minti 90 ne da cunkoso. In kuna son bas ta riƙa wucewa duk bayan minti 5, kuna bukatar 18 a kan titi, za su kwashi mutum 840 a awa. Masu zugazugi 12 za su kwashi kwatankwacin haka, amma duk bayan minti 7 da rabi. Da safe bambancin ba zai dami kowa ba. Amma daga ƙarfe 11 zuwa La'asar, lokacin da fasinja ya ja baya aka ajiye rabin motoci, tazarar doguwa za ta koma minti 10, ta mai zugazugi 15. Wane ne zai tsaya minti 15 a rana a Hotoro, alhali a daidaita sahu biyar sun tsaya gabansa suna hon? Ba wanda zai tsaya. Bas ɗin za ta zo ta tarar an kwashe mata mutane, ta tafi da mutum 20 a cikin ɗakin mutum 110, tana ƙona mai kamar ta cika. Doguwa ta dizal takan sha wajen lita 40 a kilomita 100 a zirga-zirgar cikin gari, kuma ko ta cika ko ba ta cika ba bambancin kaɗan ne. Babbar mota ita ce mafi arha in ta cika, ita ce kuma mafi tsada in ba kowa. Ƙungiyar Alhaji ma ba 12 za ta iya saya ba, biyu ne ko uku. Mota uku a layin minti 90 na nufin fasinja ya jira rabin awa. Ranar da ɗaya ta kwanta, kashi ɗaya cikin uku na jarin ya kwanta.

Kuma za ta kwanta. Gaɓar nan ba ƙarfe ba ne kawai, faifai ne mai juyawa da na'urorin mai da na lantarki da ke hana bayan motar lanƙwashewa, domin a yawancinsu injin yana can baya yana turo gaba. Irin wannan gyara ba na gindin bishiya ba ne. Yana son ramin gyara mai tsawon motar, da kwamfutar gwaji, da wanda aka koyar. Na taɓa ganin wata zungureriya a wani gareji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki na kwana a inuwarta. Na tambayi mai gadin abin da ya same ta, ya ce, "Wallahi Malam, wani ɗan abu ne bai fi tafin hannu ba, shi ake jira daga waje, yau shekara ta zagayo." Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin mutane ne a kwance, ga jama'a can a bakin titi suna jiran abin hawa.

Ga kuma wurin tsayawa. Mota mai mita 18 tana son fili sama da mita 20 a gefen titi, ba mai talla, ba mai baro, ba wanda ya ajiye mota ya shiga kasuwa. Ka nemo mini wannan fili a Bata ko Yankura da ƙarfe 5 na yamma. In ba ta samu ba, a tsakiyar titi za ta tsaya, bayanta ya toshe mahaɗa, 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar titi su rasa ta inda za su fara.

Garuruwan da masu zugazugi suka yi suna a cikinsu duk abu ɗaya suka fara yi. Kuritiba ta ƙasar Birazil ta ware wa bas hanyarta tun 1974. Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata tsarin a 2000, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Ko'ina akwai layin da ba mai shiga sai bas, da tashoshi masu dandamali daidai da ƙofar mota, kuma fasinja na biya tun kafin ya shiga. Legas ma da ta buɗe irin wannan layi na farko, wanda ake kira BRT, a 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, da dogayen bas na gama-gari ta fara. Dubi abin da layin ke yi a misalinmu: in ware hanya ya rage zuwa da dawowa daga minti 90 zuwa 60, motoci 18 ɗin nan za su kwashi mutum 1,260 a awa maimakon 840. Ƙarin rabi ke nan, ba a sayi ko taya ɗaya ba. Titin Zariya da na Katsina da na Maiduguri suna da faɗin da za a iya tunanin haka a kansu. Ranar da aka yi, kuma dogaye suka fara bin juna duk minti biyu ba su isa ba, ranar mai zugazugi ta zo, ni ne zan fara cewa a sayo ta.

Amma cewa "doguwa" bai gama zance ba, domin dogayen ma iri-iri ne, kuma a nan ne na fi daɗewa da Alhaji.

Ƙofa ita ce farko. Akwai dogayen da aka ƙera don tafiyar gari zuwa gari, irin waɗanda ke tashi daga Sabon Gari zuwa kudu: ƙofa ɗaya siririya, matakala mai tsayi, kujeru maƙil. Ba su ake nufi ba. Ta cikin gari tana son ƙofofi biyu ko uku, kowacce mutum biyu su iya wucewa a jere. Idan mutum 20 za su hau a tasha ɗaya, kowa na cin daƙiƙa 4 a ƙofa ɗaya, minti ɗaya da daƙiƙa 20 ke nan. A tasha 25 an yi asarar sama da rabin awa. Ƙofa biyu masu faɗi na rage wannan ƙwarai. A Kano kuma suna da wani amfanin da ya fi lokaci: ƙofar gaba da kujerun gaba na mata da tsofaffi, ta baya ta maza. Matar nan ta Kurna da 'yarta ba sai sun yi kokawa da kowa ba. Wanda ya tsara haka tun farko ya samu rabin fasinjan gari, kuma su ne fasinjan da in sun aminta da mota ba sa canja ta.

Na biyu tsayin daɓen motar. Mai daɓe ƙasa-ƙasa, wadda taku ɗaya za ka yi ka shiga, ta fi daɗi ga mai zani da mai sanda, ta fi saurin lodi. Amma injinta a baya yake, cikinta kusa da ƙasa, tana tafiya a kan balan-balan na iska. Tudun rage gudu da mutanen unguwa suka yi da kansu zai iya fasa mata ciki, ruwan Agusta da ke kwanciya a wasu titunanmu zai iya shiga inda bai kamata ba. Mai daɓe sama, mai inji a gaba da sifirin irin na babbar mota, ta fi jure wahala, bakanikenmu ya fi gane ta, amma hawa biyu ko uku ne kafin ka shiga. Akwai ta tsakiya, wadda gabanta ke ƙasa bayanta ke sama. Ita na fi so a titin da kwaltarsa ke da kyau daga farko har ƙarshe. Inda kuwa layin ya ƙare da ramuka, a haƙura da mai inji a gaba, a sa mata maƙallai masu kyau a bakin ƙofa.

Na uku iska da ƙura. Bas 'yar Beljiyam an yi ta ne don ƙasar sanyi: tagoginta a like, sai 'yar kafa a sama. Ranar da na'urar sanyayawa ta tsaya, tanda ce. A nemi mai tagogi masu zugewa da ƙofar iska a rufi, da lagireto babba, da abin tace iskar inji da za a iya cirewa a kakkaɓe kullum a lokacin hunturu. Sababbin injinan Turai kuma suna da matatar hayaƙi da ke son dizal mai tsabta ƙwarai da wani ruwa na musamman. In man ya zo da datti, matatar ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi. Inji mai sauƙi wanda akwai dillalin kayansa a Najeriya ya fi inji na zamani da ba mai iya taɓa shi.

Zancen mai ba zan ja shi ba. Dizal ana samunsa ko'ina, shi ne bakanike ya sani, shi ne kuma mai tsada. Iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta sa a gaba tun 2023, ta fi arha, amma tukwanenta na da nauyi, zangonta bai kai na dizal ba, kuma komai ya rataya ne a kan samun gidan gas kusa da garejinku wanda zai iya cika manyan motoci da daddare. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai sa wannan lissafi ya zauna da gindinsa. Kada a sayi motar gas sai an je an ga famfon da ido, an san awa nawa ake layi. Ta lantarki tana da daɗi, ba hayaƙi ba ƙara, amma kuɗin sayenta da na wurin caji mai tsayayyar wuta sun fi ƙarfin ƙungiya irin ta Alhaji. Wannan aikin gwamnati ne ko babban kamfani.

Akwai abu ɗaya da zai kashe kowace babbar bas ko da an dace da zaɓi, shi ne a tafiyar da ita da tsarin ƙaramar mota. A tasha mun saba sai mota ta cika take tashi, ɗan kamasho na kira, direba na jiran layinsa, da yamma ya kai balas. Hayis na cika cikin 'yan mintoci. Mota mai mutum 70 in ta ce sai ta cika, na farkon shiga zai gaji ya sauka, waɗanda ke kan hanya kuma ba za su samu gurbi ba. Dole ta tashi da agogo, ko da mutum 15 ne a ciki, ta tsaya a wuraren da aka sani kawai. Direban da ke neman balas ba zai iya haka ba, saboda haka sai an sa shi a albashi. Kwandasta biyu, ɗaya a kowace ƙofa, da tikiti mai lamba, da kuɗin mota da ba ya bukatar neman canji; in an samu katin biyan kuɗin mota irin Cowry na Legas, ya fi.

'Yan a daidaita sahu kuwa, kada wanda ya shigo da bas ya ɗauke su abokan gaba. Bas ɗaya tana maye gurbin 18 daga cikinsu, kowanne da iyali, da yawa kuma ba su gama biyan kuɗin babur ɗin ba. Abin da ya faru a 2022 ya nuna cewa korarsu da sanarwa ba ta yiwuwa. Kuma bas ba za ta taɓa shiga lungunan Ɗorayi ko Sheka ko Rimin Kebe ba. Aikin ɗauko mutum daga ƙofar gida zuwa bakin babban titi nasu ne, gajeren sawu ne mai yawa, ba ya cin mai kamar tafiya har Bata cikin cunkoso. A ba su wurin tsayawa daf da tashar bas, a fara ɗaukar direbobi da kwandastoci da masu sayar da tikiti daga cikinsu. A layukan da titinsu bai kai faɗin manyan ba, ko fasinjansu bai kai ba, matsakaiciyar bas mai mita 8 ko 9 da ƙofa biyu ta fi Kosta, ta kuma fi doguwa.

Da na gama, Alhaji ya yi shiru, ya ɗauki hoton mai zugazugin ya daɗe yana kallo, sannan ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

"Wannan sai ranar da aka ware mana hanya," in ji shi. "To Malam, dogayen nawa za mu fara da su?"

Na ce, "Alhaji, kada a sa hannu tukuna. A ba yara huɗu littafi da biro, su tsaya a Bachirawa da Kurna da Ƙofar Ruwa da Bata, daga asuba zuwa Isha'i, kwana bakwai har da Juma'a, su rubuta mutum nawa ke hawa kowane minti 15, mata nawa, masu kaya nawa. A bi layin da agogo safe da rana da yamma. A auna tsayin kowane tudu da awon tela. Cikin kuɗin kuma a ware na mota ɗaya kacokan a sayi tayoyi da birki da abin tace mai, a tura bakanike biyu su koyo aikin a wurin dillalin. In abin da ya rage bai isa bas ta riƙa wucewa duk minti 10 ba, a gajarta layin, ko a nemi wata ƙungiyar a haɗa hannu."

Ya kira ɗansa ya ce ya je kanti ya sayo littattafai huɗu.